FILIN MANOMA: Baƙuwar Kainuwa Mai Fure, Yadda A Ke Gane Ta Da Inda Ta Ke Fitowa

Hausawa suna cewa, kainuwa dashen Allah. Gaskiya ne kuwa, don ba wanda ya taɓa ganin manomi ya saɓi fartanya ya tafi tabki shukar kainuwa. Ruwa ya kawo ta, ruwa ya tafi da ita. Amma akwai wata ciyawar ruwa da ta shigo ƙasashen nan daga baya, wadda mutane da yawa su ke kira kainuwa ita ma, alhali kuwa ba danginsu ɗaya ba. Allah ne ya halicce ta, kamar ko wane tsiro, amma zuwanta nan dashen mutum ne. Mutum ne ya ɗauko ta daga ƙasarta sabo da kyawun furenta, ya ƙetare teku da ita, ya sa ta a lambunsa don ado, ta kuɓuce masa ta faɗa kogi.

A takardun ma'aikatar gona na Nijeriya za a ga an rubuta sunanta da Turanci, water hyacinth. A na Nijar kuwa da Faransanci, jacinthe d'eau. Masana ilmin tsirrai sun daɗe suna kiranta Eichhornia crassipes. A nan za a kira ta baƙuwar kainuwa, don a rarrabe ta da ta gida. Abin da ya sa ya kamata ko wane manomi da masunci ya san kamanninta shi ne, tun tana 'yar kaɗan yaro ɗaya da kwando ya isa ya raba tabki da ita. In ta kafu kuwa, gari guda sai ya yi gayya shekara da shekaru bai ga bayanta ba.

Asalinta Da Yadda Ta Zo

Asalinta Amurka ta Kudu ne, a yankin babban kogin nan Amazon na ƙasar Barazil. Can a gida ba ta cika damun kowa ba, don akwai ƙwari da cututtukan da ke cinta, suna rage mata ƙarfi. Da aka fitar da ita waje sai aka baro maƙiyanta a baya, ta sami fili ba mai tsawata mata.

An ce a shekarar 1884 aka yi wani babban nunin auduga da kayan sana'a a birnin New Orleans na Amurka, aka rarraba wa 'yan kallo ita don tsaraba. Kowa ya kai gida ya sa a ɗan tabkinsa. Da ta yi yawa sai aka riƙa kwasa ana zubarwa a rafi. Kafin ƙarnin ya ƙare ta toshe koguna a jihar Fulorida, har jiragen ruwa masu hayaƙi suka kasa wucewa.

A Afirka ma ta hanyar ado ta shigo. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kai ta lambunan manya a Masar. A farkon shekarun 1950 ta bayyana a kogin Kwango, ta bi shi ta mamaye ɗaruruwan mil cikin 'yan shekaru. Wajen 1958 aka ga ta cika Farin Nil a Sudan, ta taru jingim a bayan madatsar Jabal Auliya da ke kudu da Hartum. Abin ya kai a 1960 gwamnatin Sudan ta yi doka ta musamman don hana ajiye ta da ɗaukar ta daga wani wuri zuwa wani.

Nijeriya kuwa a 1984 ta shigo ruwan Ikko ta wajen Badagiri, daga Jamhuriyar Benin. Kafin shekarun 1980 su ƙare ta shiga kogin Kwara, har wajen 1989 aka gan ta a tabkin Kainji, ruwa ya gangaro da ita daga sama. Tun daga nan mutanen bakin Kwara, daga Bamako zuwa Yamai, da Gaya, da Yawuri, suka san ta.

Alamomin Gane Ta

Alamomi biyar ne a ke dubawa, ba kuwa wanda ke bukatar wani kayan aiki sai ido da 'yar wuƙa.

Na fari, ganye. Ganyenta kore ne shar, mai kauri, mai santsi da ƙyalli kamar an shafa masa mai. Yana da ɗan kewaye, faɗinsa kamar tafin hannu, watau inci 4 zuwa 6 in ya girma. Ba ya kwanciya a kan ruwa. A tsaye ya ke, shi ya sa iska ke tura ciyawar duka ta yi ta tafiya.

Na biyu, karan ganye. Wannan ita ce alamar da ta fi ko wace. Ko wane ganye yana da karansa, karan kuwa ya kumbura a tsakiya kamar ɗan gora, girman ƙwan kaza ko ƙasa da haka. In aka yanka kumburin da wuƙa za a ga cikinsa fari ne mai taushi, kamar totuwar kara, cike da ƙananan ramuka na iska. Su ne ke hana ta nutsewa. Amma a lura da abu guda. Kumburin nan a jikin ƙanana ya ke fitowa sosai, waɗanda ke yawo su kaɗai a sarari. Inda suka cushe suka matse juna, karan sai ya miƙe ya yi tsawo, har ya kai ƙafa 3, kumburin ya ɓace. Mutum ya ga haka kada ya ce wata ciyawa ce dabam. Ya duba gefen tarin, zai sami ƙanana masu kumburi.

Na uku, saiwa. In aka ɗaga ta sama za a ga saiwoyi masu yawa suna reto, baƙaƙe ko masu duhun shuni, da gashi-gashi kamar gashin tsuntsu. Tsawonsu ya kan kai ƙafa ɗaya ko biyu. A ruwa mai zurfi ba sa taɓa ƙasa, daga ruwan su ke shan abinci.

Na huɗu, fure. Wani tsinke ne ke tasowa daga tsakiyar ganyayen, furanni su jeru a jikinsa kamar zangarniya, galibi 8 zuwa 15. Launinsu shuɗi ne mai haske, kamar farin ƙyalle da aka tsoma a baba sau ɗaya, ya ɗan karkata zuwa jaja-jaja. Ko wane fure yana da ganyaye shida. Na saman ya fi sauran duhu a tsakiya, da ɗigon rawaya a ciki kamar ido. Furen ba ya daɗewa, kwana ɗaya ko biyu ya yi yaushi. Sa'an nan tsinken ya lanƙwashe ya tsoma kansa cikin ruwa, a nan 'ya'yan su ke nuna.

Na biyar, yaɗo. In aka ja guda ɗaya sai a ga wata ta biyo ta, wata ma ta biyo wannan. Uwar tana miƙa hannu a kan ruwa, 'ya ta tsiro a ƙarshen hannun, ita ma ta miƙa nata. Da haka su ke saƙa kansu kamar tabarma.

Bambancinta Da Kainuwa Da Bado

Kainuwar gida ba ta da karan ganye ko kaɗan. Ganyayenta a haɗe su ke daga gindi, sun buɗe kamar latas. Launinsu kore ne mai fari-fari, ba ƙyalli, suna da gashi mai laushi da jijiyoyi a jere. Furenta kuwa ɗan mitsitsi ne a ɓoye can tsakiya, mutum sai ya shekara yana ɗiban ruwa a tabki bai taɓa lura da shi ba. Sabo da haka duk kainuwar da aka ga ta yi fure mai kyau a sarari, baƙuwa ce.

Bado shi kuma a laka ya ke kafe. Ganyensa fai-fai ne, a kwance a kan ruwa, da tsaga a gefe guda. Iska ba ta tafiya da shi. Furensa ɗaya-ɗaya ne, babba, galibi fari. Akwai bado mai shuɗin fure, amma shi ma fure guda ne a kan tsinke guda, ba jeri ba. Bado abinci ne, ana cin ƙwayarsa da gindinsa, don haka a yi hankali kada a tumɓuke shi a banza garin neman baƙuwa.

Inda Ta Ke Fitowa

Ruwan daɗi ta ke so, mai ɗumi, wanda ke kwance ko mai tafiya a hankali, inda rana ke bugawa. Za a same ta a lungunan kogi inda ruwa ke juyawa, da bayan madatsun ruwa, da hanyoyin ban ruwa, da tabkuna, da kududdufai, da fadamun shinkafa masu riƙe ruwa. Inda kogi ke gudu da ƙarfi ba ta zama, wucewa kawai ta ke yi, har ta sami wurin da za ta maƙale.

Ruwa mai dauɗa shi ne abincinta. Inda kwatar gari ke zuba a kogi, ko inda a ke shayar da dabbobi kullum, ko inda ruwan sama ke wanko takin zamani daga gonaki, a nan ta ke yin ƙiba, ganyenta ya yi duhu, karanta ya yi tsawo. A ruwa mai tsabta kuwa sai ta tsaya 'yar gajera, saiwarta ta yi tsawo garin neman abinci. Shi ya sa ta fi yawa a ƙasan manyan garuruwa.

Ba ta jure gishiri. A Ikko, da rani in ruwan teku ya turo cikin ruwan gari sai ta ƙone ta ragu, da damina in ruwan daɗi ya rinjaya sai ta komo.

Ba irin ciyawar nan ba ce da ke mutuwa da ɗaukewar ruwan sama. Muddin akwai ruwa a ƙarƙashinta tana nan, rani da damina, shekara da shekaru. In tabki ya ja baya ya bar ta a laka, sai ta kafa saiwa ta zauna ta jira. In lakar ta bushe ƙurmus za ta mutu, amma ta bar iri. Ƙwayar irin ƙanƙanuwa ce, ba ta kai ta gero ba, ko wane fure kuwa yana iya ba da su da yawa. Suna nutsewa su kwanta a laka, an kuwa tabbatar suna iya yin shekara 15 zuwa 20 ba su mutu ba. Sa'ad da ruwa ya janye ya komo, rana ta dumama lakar, sai su tsiro. Don haka tabkin da ke ƙafewa da rani bai tsira ba, in dai ta taɓa yin fure a cikinsa.

Mutanen bakin Kwara su tuna kogin nan sau biyu ya ke kawo ruwa a shekara. Akwai cikar damina, ta ruwan da aka yi nan kusa. Akwai kuma ta lokacin ɗari, ruwan da ya sauka can duwatsun Gini, ya daɗe a fadamun Mali kafin ya iso. Ko wace cika tana iya tsinko ciyawar daga inda ta maƙale ta kawo ta sabon wuri. Lokutan nan biyu su ne na sa ido.

Saurin Yaɗuwarta

In ta sami ruwan da ta ke so, cikin mako biyu ko ƙasa da haka yawanta ya kan ninka. Ga lissafi mai sauƙi. A ce guda 10 ne suka shigo tabki. Bayan mako 2 sun zama 20, bayan mako 4 sun zama 40. Har yanzu ba wanda zai kula. Bayan mako 8 sun zama 160. Bayan mako 16 sun zama 2,560. Bayan mako 24, watau ƙasa da wata shida, sun zama 40,960. Ranar da aka ga ta rufe rabin tabki, saura mako biyu ke nan ta rufe shi duka.

Ɓarnar Da Ta Ke Yi

Masunci shi ya kan fara ji a jikinsa. Ba wurin jefa birgi, taru ya cika da ciyawa ya yage, mamari ya harɗe. Filafili ba ya shiga, farfelar inji ta naɗe. Tarin da iska ta turo da dare ya kan rufe mashaya, a wayi gari jirage a ɗaure ba hanyar fita, kayan kasuwa su kwana a tudu. A ƙarshen shekarun 1990 haka ta rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a tabkin Biktoriya, ta kuma riƙa toshe injinan wutar lantarki na Uganda.

A ƙarƙashin tabarmar nan ba hasken rana, iska kuma ba ta shiga ruwa. Matattun ganyaye suna nutsewa suna ruɓewa, suna cinye 'yar iskar da ta rage. Kifi kuwa da iskar cikin ruwa ya ke numfashi, sai ya gudu ko ya mutu. Ruwan ya yi baƙi ya yi wari.

Mai lambu kuma hanyar ruwansa ta ke toshewa, da bakin kwalbati, da bakin tiyon injin ban ruwa. Tana zuƙar ruwa, faffaɗan ganyenta yana sakinsa a iska, tabkin da a ke dogara da shi har bazara sai ya ja baya da wuri. A fadama tana danne shinkafa tun tana ƙarama. Tana kuma cinye wurin burugu, wanda makiyayan bakin Kwara ke dogara da shi da rani.

Ga kuma cuta. Cikin saiwoyinta dodon koɗi ya ke samun maɓoya, irin wanda ke ɗauke da tsargiya, watau fitsarin jini. Sauro yana hayayyafa a ruwan da ta tsayar. Macizai kuma suna son kwanciya a cikinta.

Abin Da Za A Yi

Na fari, kada a ɗauke ta. Akawu ko falke da ya je bakin Kwara ko Ikko, ya ga fure mai ban sha'awa, kada ya tsinko don ya sa a randa ko kwatarniya a ƙofar gida. Rana ɗaya za ta yi yawa, a kwashe a zubar a kwata, ruwan sama ya kai ta kududdufi. Ƙasashe da yawa da ta cinye, da haka ta soma. Falken kifi ma kada ya rufe kayansa da ganyenta.

Na biyu, masunci mai ƙaura daga wannan ruwa zuwa wancan ya kakkaɓe tarunsa, ya shanya shi ya bushe, ya share cikin jirginsa kafin ya tashi. Ɗan guntu mai saiwa ya isa ya kafa sabon gari.

Na uku, in an gan ta a tsame ta nan da nan, tun ba ta yi fure ba. A jawo ta da manjagara ko doguwar sanda mai ƙugiya, daga tudu ko daga cikin jirgi, don a rage shiga ruwan sabo da tsargiya da macizai. Kada a sassare ta da adda a bar ta a ruwa, don gindin da ya tsira zai toho. Kada kuma a tura ta tsakiyar kogi, wannan kai wa maƙwabci wahala ne. A kwashe ta a kai can tudu, inda cikar ruwa ba ta kaiwa, a baza ta ta bushe.

Na huɗu, a kafa shinge na gora ko na waya a bakin hanyar ban ruwa, a riƙa kwashe abin da ya taru ko wane mako. A yi hankali kuma da zuba takin zamani dab da bakin ruwa, musamman in hadari ya taso.

Na biyar, inda ta riga ta yi yawa aikin gayya ne. Sarkin ruwa da dagaci su sa rana, a soma daga sama a gangaro, garuruwan da ke shan ruwa ɗaya su haɗa kai. Bayan an gama a riƙa komawa ana dubawa, ko wace shekara, sabo da irin da ke kwance a laka.

Na shida, a sanar da malamin gona, a kai masa guda ɗaya busasshiya, ko a kira shi ya zo ya gani. Akwai maganin feshi mai kashe ta, amma ba aikin da mutum zai yi da kansa ba ne, tun da ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha, ciyawa mai yawa kuma in ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe sai ta kashe kifi. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, dangin wanda ke cin masara a rumbu, da masana suka ɗauko daga ƙasarta ta asali. Babban yana gatsar ganye, tsutsarsa tana huda kara, ruwa ya shiga ciyawar ta nutse. An gwada shi sosai kafin a sake shi, aka tabbatar ba ya cin amfanin gona. An sake shi a Sudan, da Benin, da tabkin Biktoriya, ya kuwa rage ta ƙwarai. Amma aikinsa na shekaru ne, ragewa ya ke yi, ba ya ƙarar da ita.

Ko Tana Da Amfani?

Wadda aka riga aka tsame ba sai an yi asararta ba. Tana yin taki mai kyau. A bar ta ta yi yaushi kwana biyu ko uku, a zuba a rami hawa-hawa, ita da kashin shanu da toka, a riƙa juyawa har ta ruɓe. Busasshiyar kuma ana shimfiɗa ta a gindin tumatir da barkono don ta riƙe laima. A zaɓi wadda ba ta yi fure ba, don kada a kai iri fadama.

Dabbobi su kan ci, amma ba abin dogara ba ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, ɗanyarta kuma tana da ƙaiƙayi irin na gwaza. Sai an shanya ta an gauraya da harawa ko dusa. Wadda ta fito a ruwan da ke zubowa daga masana'antu kuwa kada a ba dabba, kada a sa a lambu, don tana zuƙar gubar da ke cikin ruwan ta ajiye a jikinta. Busasshen karanta ana saƙa kwanduna da tabarmi da shi. Duk wannan amfanin bai kai mutum ya kai ta inda babu ita ba.

Yara masu kiwo, da masu ɗiban ruwa, da masu wanki a bakin rafi, su ne za su riga kowa ganinta. Ya kamata ko wane maigida ya gaya musu alamomin nan biyu da ba su da wuyar riƙewa, kumburi a karan ganye da shuɗin fure mai ɗigon rawaya, ya kuma ce musu duk wanda ya gani ya zo ya faɗa ranar, kada ya bari sai gobe. Allah ya tsare mana ruwayenmu, ya ba da amfani mai albarka.